Maliki da Lambun Surukansa

Duk wanda ya zauna a unguwar Sarkin Yara cikin garin Daura ya san Maliki mai kayan lambu, ko da bai taɓa sayen komai a hannunsa ba. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ga murya kamar ta mutum biyu. Sai dai yaran yanzu ba su san ba da tire ya fara neman abinci ba. Makaɗi ne ɗan makaɗi. Ubansa kalangu yake kaɗa wa mahauta ranar kasuwa, shi ma ya tashi da kalangu a hammata. Lokacin samartakarsa da wuya a yi biki a unguwarsu ko maƙwabtanta ba a aika masa da goro ba.

A wurin wani biki ne ya ga Shatu, 'yar wani ƙauye kusa da Baure, ta rako amarya cikin gari. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, wanta Ja'afaru ne ke riƙe da gidan da lambun da uban ya bari a bakin fadama. Ja'afaru mutum ne mai ƙarancin magana, kuma a wurinsa duk namijin da ba shi da kanta a tafin hannu bai san yadda ake samun abinci ba. Da aka je neman auren sai ya ce shi bai ga abin da makaɗi zai ciyar da mace da shi ba ran da babu biki. Tsohuwarsu ce ta tsaya, don ta ga yarinyar tana so. Aka ɗaura aure aka kai Shatu Daura. Ja'afaru bai hana ba, amma bai taɓa taka ƙofar gidan ba. Ko suna aka yi, sai dai ya aiko matarsa da hatsi.

Shekarun farko maganar Ja'afaru ba ta kama su ba. Biki na zuwa, tukunya na kan wuta, Allah ya ba su haihuwa. Da aka ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina a shekara ta dubu biyu, Maliki na cikin waɗanda suka yi murna, da shi aka yi ta kabbara. Babu wanda ya zo gidansa ya ce ya ajiye kalangu. Abin a hankali ya zo. Malamai suka yawaita wa'azi a kan cakuɗuwar maza da mata a wurin biki, masu aurar da 'ya'ya suka koma walima, a kira malama ta yi nasiha, a ci abinci a watse. Wanda ma yake son kiɗan sai kunyar maƙwabta ta hana shi. Goron gayyata ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Mahauta kaɗai suka rage, su kuma ɗan abin da suke bayarwa ba ya riƙe gida.

Sai ya karɓi babur a hannun wani ya shiga acaɓa, yana kai mutane Kongolam, bakin iyakar Nijar, yana dawowa. Bai daɗe ba wata saniya ta gifta masa a hanya, ya kauce mata ya faɗa kwalbati, ƙafarsa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, Maliki ya yi watanni a kwance a zaure. Yana kwance yana ganin kwanukan jeren Shatu suna fita ɗaya bayan ɗaya a hannun dillaliya. Ba ta taɓa faɗa masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, amma abin yana cin sa har abinci ya daina shiga.

Ƙarshen damina Shatu ta je ƙauyensu gaisuwa. Da za ta dawo, Ja'afaru bai ce da ita komai ba, sai dai ta tarar an ɗora mata buhu a mota. Ta iso gida ta kwance, sai ga yalo da gurji da ɗanyar kuɓewa. Suka ci, ta raba wa maƙwabta, buhun kamar ba a taɓa ba. Washegari ta leƙo zaure inda Maliki ke zaune da sandarsa.

Ta ce, "Maigida, kayan nan sun fi ƙarfin cikinmu."

Ya ce, "To ki yanka ki shanya."

"Kuɓewa na shanya. Yalo fa?"

Ya gane inda ta dosa. Ya dube ta ya ce, "Ni zan yi tallan yalo? Kamar wata yarinya?"

"Ban ce ka yi yawo ba. Zama za ka yi, dama ƙafar zama take so. A zauren nan ma ai zaman kake yi, sai dai ba mai ganin ka."

Ya kau da kai. Ita kuwa ta koma ciki ta wanke yalon tas, ta jera a tire kashi-kashi, ta yayyafa ruwa, ta kawo ta ajiye a gabansa ta tafi abinta.

Akwai wani mahauci, Nagoggo, da ke da tebur a bakin titin unguwar, wanda Maliki ya sha yi wa kiɗa. Shi ya matsar da bencinsa ya ba shi wuri a inuwa. Maliki ya zauna da tire a gaba, kansa a ƙasa, yana roƙon Allah kar wani wanda ya sani ya gifta. Har rana ta take ba wanda ya taya.

Nagoggo ya ajiye wuƙa ya ce, "Kai da kake cika kasuwa da murya, yau yalo ne ya ɗaure maka baki? In ba ka yi magana ba mutane za su ɗauka ajiya aka ba ka."

Maliki ya yi ɗan tsaki. Can da ya ga wasu mutane sun taso daga masallaci, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, da irin muryar da yake wasa angwaye da ita: "Yalon Baure! Jiya war haka yana jikin uwarsa yana shan raɓa, yau ya shigo birni gaishe ku! Fari tas, babu ɗaci! In kun ga tsutsa baƙuwa ce, ba 'yar gida ba!"

Mutanen suka tsaya suna dariya. Limamin unguwar na cikinsu, sai Maliki ya sunkuyar da kai. Amma Liman ya matso ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya ce shi bai ga laifi ba a yabi abin da Allah ya tsirar, matuƙar ba a yi ƙarya ba. Ya sayi kashi biyu. Kafin la'asar tire ya koma gida wayam.

Da ƙafa ta yi ƙwari, Maliki ya hau motar kasuwa ya tafi ƙauyen. Ya tarar da Ja'afaru a lambu yana ban ruwa. Ya yi sallama ya durƙusa.

"Yaya, na zo godiya. Na kuma zo da roƙo."

Ja'afaru bai ɗago ba ya ce, "Roƙo ai sana'arku ce."

Maganar ta soki Maliki, amma ya haɗiye. Ya ce so yake ya riƙa ɗaukar kaya a nan yana kaiwa Daura. Ja'afaru ya gama shayar da fangalin shukar da yake kai, ya toshe bakin ruwan da laka, sannan ya miƙe.

"Za ka saya kamar yadda kowa ke saya, ba ragi ba ƙari. Kuma abin da ƙasa ta bayar a lokacin shi za ka ɗauka. Kar ka taɓa ce mini in tsinko maka abin da bai kai ba don kasuwa na nema."

Maliki ya ce ya yarda.

Daga nan rayuwarsa ta koma bin lambun. Tire ya zama tebur, daga baya ya ƙara da baro don kai wa gidaje. Da sanyi ya shiga tebur kan cika har ya rasa wurin ajiya: tumatir da tattasai da karas da latas da kabeji, ga rake a jingine a bango. Lokacin ne talaka ke cin miya ja, mata su saya da yawa su yanka su shanya a kan rufin ɗaki. Zafi na shigowa sai kankana, bayanta mangwaro, har ƙudaje su gaji. Daga nan sai wahala, wato tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, lokacin da tumatir ke ɓacewa, tebur ya rage daga busasshen tattasai sai albasa sai 'yar goruba. Wasu 'yan kasuwa sukan cike gurbin da kayan da manyan motoci ke kawowa daga kudu, ko tuffa mai sheƙi da ake shigowa da ita ta kan iyaka. Maliki bai taɓa aibata kayansu ba. In mutum ya zo neman abin da ba shi da shi, sai ya nuna masa mai shi, ya ce, "Nawa bai zo ba tukuna. Ka ci na can, in namu ya fito ka dawo ka ji bambanci." Ruwa na sauka kuwa sai ganye ya ɓarke, zogale da rama da yakuwa da tafasa, matan unguwa su yi ta kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kafin a ankara ɗanyar masara ta fito, ga dafaffiyar gyaɗa, ga ɗinya da gwaiba daga ƙauye.

Matan da ba sa fita ta muryarsa suke sanin abin da ya shigo gari. Ana cikin gida sai a ji ya ɗaga murya yana wasa kabewa ko dankali, uwargida ta fasa miyar da ta yi niyya ta aika a sayo. Shekarun da azumi ya faɗo cikin zafi, in la'asar ta yi ba ka samun wurin tsayawa a gaban teburinsa. Kankana ba ya yankawa ya duba. Ya ɗauke ta ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa da yatsu, ya ce wannan ta yau ce, waccan a bar ta sai jibi. Nagoggo yakan ce gangar da ta rage masa ke nan. Wani lokacin yakan yi kuskure a yanka a tarar da ita fara, sai ya karɓe ya canza, ya kai farar gida Shatu ta yi masa tsiya.

Tsakaninsa da Ja'afaru kuwa sai a hankali. An daɗe gaisuwa ce kawai da ciniki. Daga baya Ja'afaru ya fara cewa a ajiye wa Maliki fura in zai zo ƙauyen. Wata shekara da tsutsa ta cinye tumatir a fadamar gaba ɗaya, ɗan abin da ya tsira Ja'afaru ya hana 'yan sari ya ajiye wa Maliki. Amma har lokacin bai taka gidan ƙanwarsa ba.

Ana nan shekaru suka ja, 'ya'ya suka girma, aka aurar da 'yarsu Maijidda. Sai Shatu ta fara ciwo. Idanunta suka yi rawaya, cikinta ya kumbura, ta rame. Aka yi asibitin Daura, aka tura su Katsina, aka ce hanta ce. Bayan an kwana biyu likita ya ja Maliki gefe ya ce su koma gida su ci gaba da ba ta magani da addu'a. Maliki ya gane. Maijidda ta nemi izinin mijinta ta dawo gida jinya.

Babban abin da ya fi damun su shi ne Shatu ba ta cin komai. Duk abin da aka kawo sai ta kau da kai. Rannan da hantsi Maliki na zaune bakin gadonta yana lallashi, sai ta ce, "Ni mangwaron gidanmu nake marmari."

A bayan gidansu na ƙauye akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro da mahaifinsu ya dasa. Lokacin kuwa sanyi bai gama fita ba, bishiyoyi ba su daɗe da zubar da fure ba. Maliki ya tafi kasuwa wurin masu kayan kudu, ya zaɓo mafi kyau a cikin mangwaronsu, ya wanke ya yanka ya kawo mata. Ta sunsuna, ta ɗan lasa, ta yi masa godiya, ta ajiye.

"Ba shi ba ne, Maigida. Kar ka damu."

Ya fita bai san inda zai sa kansa ba. Wani ɗan kasuwa da ya ji labarin ya ba shi shawara: ya je ya kaɗo ɗanyen, ya sa a buhu da garin nan da masu walda ke amfani da shi, kwana kaɗan zai yi ja kamar ya nuna a kan uwarsa. Maliki ya san wannan dabarar, ya kuma san mangwaron da aka yi wa haka yana ɓata ciki, shi ya sa bai taɓa yi ba. Amma ranar ya karɓi garin a ƙulle a leda ya sa a aljihu. Da safe ya hau mota.

Bai biya ta lambu ba, kai tsaye ya zagaya bayan gida. Ya sami doguwar gora ya fara kaɗa reshe. 'Yan ƙanana kore shar suka faɗo. Yana ɗaga gorar zai sake, sai ya ji an riƙe ta ta baya. Ja'afaru ne.

"Me kake yi?"

"Shatu ce take so, Yaya."

Ja'afaru ya ɗauki ɗaya ya matsa da babban yatsa. "Wannan? Ko ƙwallonsa bai yi ƙarfi ba. Me za ta ci a nan?"

"Zan nunar da shi."

"Da me?"

Hannun Maliki ya tafi aljihu. Ja'afaru ya miƙa hannu, Maliki ya ba shi ƙullin. Ya kwance ya sunsuna, fuskarsa ta canza.

"Wannan za ka ba ƙanwata? Mai ciwon hanta? Shekara da shekaru kana ɗaukar kayana, ashe ba ka koyi komai ba!"

Maliki, wanda bai taɓa ɗaga masa murya ba, ya ce, "Likita ya ce mu koma gida! Ka san ma'anar haka ko ba ka sani ba? Wa ya faɗa maka za ta kai bazara? Kai kana nan kana jiran bishiya, ni ne nake ganin ta kullum tana ƙarewa. Ko sau ɗaya ka zo ka gan ta?"

Jikin Ja'afaru ya yi sanyi. Ya saki gorar, ya zauna a kan saiwar bishiyar, ya rufe fuska da hularsa. Maliki ya ga kafaɗunsa suna rawa. Bai taɓa zaton mutumin nan yana kuka ba, sai ya rasa abin yi, ya tsuguna kusa da shi.

Can Ja'afaru ya ce, "A gindin bishiyar nan nake goya ta in Inna ta tafi rijiya." Ya share ido, ya haƙa rami da dunduniya ya binne garin. Ya tsince 'yan mangwaron da suka faɗo ya zuba a aljihu, don manomi ba ya barin abu a ƙasa. Sannan ya ce, "Tashi mu je."

Da suka iso Daura suka shiga gidan, Maijidda ce ta fara ganin su, ta saki tsintsiya ta ruga ɗaki tana cewa Kawu ya zo. Shatu ta yunƙura aka jingina ta da filo. Ta daɗe tana kallon wanta a bakin ƙofa.

"Yaya, yau kai ne a ɗakina?"

Ya shigo ya zauna a tabarma, ya gaishe ta da jiki. Ba mai iya doguwar magana ba ne, sai ya tafi kai tsaye kan abin da ya kawo shi. Ya ce ta yi haƙuri, mangwaro bai kai ba. Amma akwai reshen gabas da ke riga sauran nuna, zai ɗaure 'ya'yansa da tsumma saboda jemage da tsuntsaye, zai hana yara zuwa wurin, ranar da na farko ya nuna shi da kansa zai kawo. Maliki ma ya sa baki, ya ce ba nisa, ta daure ta riƙa shan ko kunu ne kafin lokacin.

Shatu ta dubi wannan ta dubi wancan. Sai ta fara dariya, har tari ya sarƙe ta, Maijidda ta riƙe ta.

Da ta huta ta ce, "Wa ya ce muku nunanne nake so? Ɗanye nake so, mai tsamin nan. A yanka a barbaɗa gishiri da yaji. Irin wanda nake sata kana bi na da tsumagiya, Yaya."

Mazan biyu suka dubi juna. Ja'afaru ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan koren ya zube a tabarma. Maijidda ta wanke, ta fere, ta yayyanka siri-siri a ɗan kwano, ta barbaɗa gishiri kaɗan da yaji. Shatu ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Tsamin ya sa ta runtse ido, hawaye ya zubo, ta ce, "Shi ne." Ta ci 'yan yanka kaɗan, ta tura wa wanta da mijinta kwanon ta ce sai sun ɗanɗana. Suka ci suna yamutsa fuska. Bayan azahar ta ce a dama mata kunu, ta sha rabin kofi. Rabon da ta nemi abinci da bakinta an daɗe.

Ba warkewa ta yi ba, amma ta ɗan farfaɗo. Ta roƙi a kai ta ƙauye, aka kai ta ita da Maijidda. Kullum da hantsi a shimfiɗa mata tabarma a inuwar bishiyar, matan gidan su kewaye ta suna tsinkar zogale suna hira. Maliki ya riƙa rufe tebur da wuri yana zuwa. Ta kai bazara. Ta sha nunannen reshen gabas, ta sha na sauran rassan, har ta ce ya ishe ta. Bayan ruwan farko, mutane sun fita shuka, ta cika. A can aka binne ta kusa da iyayenta.

Maliki ya dawo Daura ya rufe kansa. Teburin ya zauna a kife, damina ta shiga ganye ya fito, unguwa shiru. Mata suka yi ta aike suna tambaya ko lafiya. Nagoggo yakan shigo zaure da ɗan nama ya zauna, ya yi ta ba shi labarin kasuwa, shi kuwa sai dai ya gyaɗa kai.

Rannan sai ga Ja'afaru ya yi sallama. Bayan sun gaisa ya ce magana ce ta kawo shi. Tun rasuwar mahaifinsu ba a raba lambun ba, Shatu kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ya kira limamin ƙauye da dattawa an fitar da rabonta kamar yadda addini ya ce, an kafa duwatsu. Yanzu wurin na Maliki ne da 'ya'yanta.

Maliki ya ce, "Yaya, ka ci gaba da nomawa. Me zan yi da ƙasa? Ni ko fartanya ban taɓa riƙewa ba."

"Za ka riƙe. Ni na tsufa, nawa ma ya fi ƙarfina. In ka bar shi ciyawa za ta cinye."

"Da wannan ƙafar?"

"Lambu ba gudu ake yi ba."

Maijidda da 'yan'uwanta suka ce sun bar wa mahaifinsu ya yi amfani da wurin. Da kaka ta wuce sai ya tafi. Mutum mai furfura ya zama ɗan koyo, matasan ƙauye suna nuna masa yadda ake tayar da fangali da yadda ake sakin ruwa kar ya kwashe iri. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe ya warke. Yakan kwana biyu a can, ya dawo Daura da kayan Ja'afaru ya buɗe tebur, ya sake komawa. Mutanen unguwa suka yi murna da dawowarsa, ko da yake yanzu ba kullum ake samun sa ba.

Karas ya fara shukawa, don an ce masa ba shi da wuya. Da ya isa cira sai ya fito gajeru, wasu a karkace, wasu da ƙafafu biyu kamar za su tashi su yi tafiya. Ja'afaru ya juya ɗaya a hannu ya ce bai sassauta ƙasar da kyau ba, kuma ya cika su a wuri guda. Maliki ya wanke su duk da haka ya kawo Daura, ya ware musu gefe a kan tebur. Nagoggo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin karas mai ɗingishi ba sai yau. Sannan ya goge ɗaya a rigarsa ya gutsura, ya tauna, ya ce amma fa akwai zaƙi. Matan unguwa da suka ji nasa ne na kansa suka aiko aka saye. Ya rage kaɗan ya kai gidan Maijidda, suka zauna a tsakar gida shi da jikokinsa suna ci ɗanye.

Har yanzu yana nan yana kai da kawowa tsakanin Daura da fadamar. Tumatirinsa na bara ya yi kyau, latas kuwa awaki suka shiga suka gama da shi. Bana albasa yake so ya gwada. Ja'afaru ya ce ƙasar wurin ta cika danshi, albasa za ta ruɓe, ya shuka kabeji. Maliki ya ce ya ji, amma ya riga ya sayi irin.